Aikin dawo da ƙyallin tsohuwar mota a gida: abin da aka yi rana-rana

Asabar, 2 ga Maris 2024

Yau babu ruwa babu sabulu, dubawa ce kawai da awo. Motar mai ƙofa 4 ce, shuɗiya mai duhu, shekararta 11, kuma ga alama da bokiti ɗaya da tsumma ɗaya aka yi ta wanke ta tun tana sabuwa. A inuwa ba ta da laifi. Da na haska ta da tocila bayan duhu ya yi, sai ga siraran zane sun kewaye hasken kamar saƙar gizo, a bonet da but da ƙofofi duka. Mafi yawansu aikin wanki ne: yashin da tsumma ya kwasa ya dinga ja a kan fenti.

Fentin mota hawa-hawa yake. Akwai na ƙasa mai kama ƙarfe ya hana tsatsa, akwai launi, sai wata fata marar launi a sama wadda ita ke ba da ƙyalli, ita ce kuma ke tare wa launin rana. A motar da ta fito daga kamfani kaurin duka yakan kama daga maikiron 100 zuwa 180 (maikiron ɗaya kashi 1 ne cikin 1000 na milimita), fatar saman kuwa tsakanin 35 da 50 ce. Takardar rubutu guda tana kai maikiron 100. Ashe abin da za a yi aiki a kansa da ƙyar ya kai rabin kaurin takarda, kuma duk gogewar da aka yi rage shi take, ba ya tofowa.

Abin da na'urar awon kauri ta nuna: bonet 128 zuwa 141, rufi 110 zuwa 119, but 122 zuwa 135, ƙofofi 115 zuwa 130. Cikin bakin ƙofa, inda ba a cika fesa fatar sama da yawa ba, 72. Idan aka cire wannan daga na rufi, abin da ya saura bai wuce 38 zuwa 47 ba, kodayake ƙiyasi ne kawai. Fendar gaba ta hagu, ƙarfen da ke saman taya, ta ba da 260 zuwa 340, wani wuri ma 780, wato an taɓa yi mata fenti kuma akwai foti, abin cike loɓawar bodi, a ƙasa. Bamba ba ta awuwa, domin na'urar ƙarfe take nema, ita kuwa roba ce.

Karce 3 suna kama farce idan aka ja a kansu. Wanda ya kama farce ya yi zurfin da gogewa ba za ta fitar da shi ba, sai dai ta sassauta bakinsa. Na zana motar a takarda na rubuta awon kowane sashe.

Lahadi, 3 ga Maris

Da taya da rim aka fara, domin in aka bar su ƙarshe dattinsu kan bodin da aka wanke zai fallatsa. Bokitinsu daban, burushinsu daban, kuma ba sa taɓa fenti har abada. Baƙar ƙurar da ke kan rim ɓarɓashin birki ne, da zafinsa yake sauka ya maƙale. Na guji ruwan wankin rim mai ƙarfin asid, saboda wasunsu na ɗauke da haidurofulorik wanda ke ratsa fatar mutum yana kuma cin gilashi. Tayoyin sun koma ruwan ƙasa, wanda sinadarin da ake haɗawa cikin roba don hana ta tsattsagewa ne ke fitowa waje. Ruwan wanki mai cire maiƙo kashi 1 cikin ruwa kashi 4, da burushi mai tauri, sai da aka yi zagaye 3 kafin kumfar ta daina fitowa ja ta koma fara.

Bodi kuma: ɗauraya tukuna da injin feshi, da farin bakinsa mai baza ruwa faɗin kusurwar digiri 40, daga nisan santimita 30. Jan bakin mai digiri 0 na ajiye shi can nesa, yana iya ɗaye fenti daga inda dutse ya tsaga. Kumfa ta zauna minti 4 aka ɗauraye. Sannan bokiti 2 masu lita 15, ɗaya da sabulun mota mililita 30, ɗaya ruwa zalla da raga a gindinsa don yashi ya kwanta ƙasa. Bayan kowane sashe safar wankin na shiga ruwan zallan a murza ta a kan raga kafin ta koma sabulu. Daga sama zuwa ƙasa, a miƙe, ba a zagaye ba. Ƙasan ƙofofi da wata safar daban.

Matsalar yau daga lokaci ta zo. Rim sun ci fiye da awa guda, rana ta riske ni a wankin bodi, ruwa ya bushe a rufi da but kafin tawul ya isa can. Yanzu duk sun yi ɗigo-ɗigo fari. Ruwan da ake amfani da shi na ɗauke da kalsiyam da magniziyam, ƙaramar na'urar awo ta nuna 310 cikin miliyan. Ruwan ya tashi, su sun zauna, kuma a kan fenti mai zafi suna iya cin fatar sama su bar zobe. Mota mai duhu a rana takan wuce digiri 70. Daga yau in bayan hannu bai iya jure bonet ba, ba wanki.

Faifan birki sun yi ja da tsatsa cikin mintuna bayan wankin. Wannan ba komai ba ne, taka birki sau biyu-uku a tafiya ya share shi.

Laraba, 6 ga Maris

Farin khal da tataccen ruwa, rabi da rabi. A jiƙa tawul a ɗora minti 1, a ɗauraye. But ya fita tas. A rufi wajen sulusin ɗigon sun ƙi, sun riga sun ci fata. Sai ranar gogewa.

Asabar, 9 ga Maris

Bayan wanki na sa hannu cikin siririyar leda na shafa bonet, sai ji kake kamar samfefa. Ido ba ya ganin wannan, kuma sabulu ba ya cire shi. Iri uku ne a maƙale: ɓarɓashin ƙarfe, kwalta, da sauran tarkace irin su feshin fenti da ƙaron itace. Kowanne da maganinsa, kuma ƙa'idar ita ce a narkar da duk abin da zai narke kafin a kai ga gurzawa.

Ruwan cire ƙarfe aka fara fesawa a kan busasshen bodi mai sanyi. Cikin minti 2 ya fara zubowa ja-ja zuwa shunayya, musamman bayan tayoyin gaba da murfin but. Warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, a fili ake yinsa da safar hannu. Minti 4 aka ba shi, ba a bari ya bushe ba. Ya ci mililita 350 daga kwalbar 500. Kwalta ta ƙasan ƙofofi an ɗiga mata maganin da ke narkar da ita a tawul, a dafa a jira, ta saki da kanta. Ba a kankare ta da farce.

Sai yumɓun gogewa, wani abu mai laushi kamar yumɓu da ke tsince tarkacen da ya maƙale a fenti. Curin giram 100 na raba 3, na murza guda ya yi faɗin tafin hannu. Ana fesa ruwan santsi sosai, a zame shi gaba da baya ba tare da dannawa ba, har ƙarar kaushin ta ɗauke. Idan fuskarsa ta yi datti a ninke a fito da sabuwa. Guda ɗaya ya kuɓuce ya faɗi ƙasa a ƙofar baya, kai tsaye kwandon shara, domin yashin da ya ɗauka ba ya wankuwa. Shi ya sa ake rarraba shi tun farko.

A ƙarƙashin tocila yumɓun ya bar ɗan hazo a kan shuɗin. Haka yake yi wa fenti mai duhu, don haka wanda ba shi da niyyar gogewa daga baya, gara ya tsaya a ruwan cire ƙarfe. Awa 4 da rabi.

Lahadi, 10 ga Maris

Cikin mota. Awa 1 da rabi ta farko a bushe aka yi: burushi yana tayar da ƙura, injin zuƙa yana bin bayansa. Wanda ya zuba ruwa a kan ƙurar kafet taɓo ya kwaɓa. Ban cire kujeru ba. Wayoyin da ke ƙarƙashinsu masu mahaɗi ruwan ɗorawa na jakar iska ne, kafin a taɓa su sai an cire kan batir na negatib an jira lokacin da littafin motar ya faɗa. Tura kujera gaba da baya ya isa.

Dashbod da jikin ƙofofi: ruwan wanki 1 cikin 10, a fesa a burushi ko tawul, ba a kan maɓallai ba. Silin mota yadi ne da aka liƙa a kan siririn soso, idan ya sha ruwa gam ɗin ya saki sai ya zazzago, don haka dangwala kawai aka yi da tawul mai ɗan danshi. Bel na jawo shi gaba ɗaya na maƙale, na wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ya bushe kafin ya koma. Bilic ba ya kusantarsa, yana raunana zaren. Sitiyari da fedal ba a shafa musu man ƙyalli, santsi ne.

Kujerun yadi an fesa, an goge, an zuƙe. Ta baya tana da tsohon tabo, na ba ta ruwa fiye da saura.

Talata, 12 ga Maris

Tabon kujerar baya ya dawo, ya fi da girma, da bakinsa ruwan ƙasa kamar taswira, ga wani tsami-tsami idan motar ta kwana a rufe. Laifin ruwan da na ƙara mata ne. Abin da aka zubar tun da can ya ratsa yadi ya zauna cikin soson kujera. Ruwana ya sauka ya narkar da shi, yayin da sama ke bushewa sai danshin ya yi ta hawowa yana ɗauke da dattin, kamar yadda lagwani ke jan kananzir, ya ajiye shi a iyakar inda ya jiƙe. Sabulun da bai fita ba shi ma yana riƙe datti.

Warin ya nuna madara ce ko makamanciyarta. Irin wannan ba a sa masa ruwan zafi, dafa shi yake ya ƙara kamawa. Na yi amfani da ruwan wanki mai enzayim, wanda ke cinye furotin da maiƙo, na ba shi minti 15 a rufe da tawul mai danshi don kada ya bushe. Feshi kaɗan-kaɗan, kuma duk faɗin wurin zaman daga ɗinki zuwa ɗinki, don kada a sake samun iyaka. Duk feshi ɗaya zuƙa uku. A ƙarshe ɗauraya da ruwa zalla, busasshen farin tawul a kai da abu mai nauyi ya danne, dattin da zai hawo ya shiga tawul. Fanka da ƙofofi a buɗe.

Garin neman tushen warin na ɗaga kafet na gefen fasinja, soson ƙasa sharkaf, kuma ban zuba ruwa a nan ba. Ɗan bututun da ke fitar da ruwan esi ƙarƙashin mota ne ya toshe, ruwan yana dawowa ciki. Na zura siririyar roba mai lanƙwasa, ruwa kusan rabin kofi ya zubo. Filtar iskar ciki, bayan akwatin gaban fasinja, ta yi baƙi da ganye a ciki. An canja, an bi kibiyar da ke nuna inda iska ke bi.

Alhamis, 14 ga Maris

Kujera ta bushe, tabo bai dawo ba. Gilasan ciki da tawul 2, ɗaya mai danshi ɗaya busasshe. Ba amoniya, saboda ledar duhun gilashi. Na baya an bi layukan ɗumama shi a kwance, ba a gicciye su ba.

Asabar, 16 ga Maris

Ɗakin inji, kafin a fara gogewa, don maiƙonsa kada ya ɓata aikin. Inji a sanyaye. Leda a kan altaneta, akwatin fis, bakin shan iska da batir. Ruwan cire maiƙo 1 cikin 4, burushi, ɗauraya da tiyo ba matsi. Ba a bar maganin ya jima kan alminiyam tsirara ba, yana bar masa farin tabo.

Da na tayar, injin na rawa, fitilar gargaɗi na ƙiftawa. Na kashe nan take, domin man da bai ƙone ba yana lalata tukunyar tace hayaƙi. Na'urar karanta matsala ta ba da P0303, wato silinda ta 3 ba ta kama wuta daidai. Da aka zare koyil ɗinta, ramin filogi da ruwa a ciki, robar bakinsa ta tsufa ta ƙi rufewa. An hure da iska kafin a taɓa filogin, in ba haka ba ruwan cikin silinda zai faɗa. An busar da koyil, an mayar, ya daidaita. Saman injin da tawul mai danshi ya kamata a goge shi, tiyo ba shi da aiki a wurin.

Lahadi, 17 ga Maris

Gwajin gogewa. Injin irin mai juyi biyu ne, yana zagaye yana kuma karkaɗawa, faɗin karkaɗarsa milimita 15, soso milimita 125. Ya fi mai juyi ɗaya sauƙin sarrafawa, domin idan aka danne shi da yawa ko aka karkata, juyin tsayawa yake. Na ja layi da alƙalamin maka a bayan faifan da soson ke manne a kai don in riƙa ganin ko yana juyawa. In layin ya tsaya, ƙara kawai ake yi, ba aiki.

Na raba murfin but gida 3 da tef, kowanne santimita 40 da 40. Man goge ɗigo 4 kamar ƙwayar wake, a dangwala, a baza a giya ta 1 ta saurin injin, a yi aiki a ta 4 zuwa 5. Tafiyar hannu a hankali, kamar santimita 2 zuwa 3 a daƙiƙa, kowane layi ya hau rabin na baya, a kwance sau 2 a tsaye sau 2.

Gida na farko, soso mai laushi da mai mai laushi: ƙyalli ya zo, rabin zanen na nan, kauri ya ragu da abin da bai fi maikiron 1 ba. Na biyu, soso matsakaici da mai matsakaici: kusan kashi 80 cikin 100 sun tafi, an ci 3. Na uku, soson maikirofaiba da man gurza: kusan duka sun tafi, an ci 6 zuwa 7, kuma ya bar hazon da sai an bi shi da mai laushi. Na'urar kanta tana iya kuskuren 2 ko 3, shi ya sa nake awo sau 5 in ɗauki matsakaici.

Wani abu da ke yaudarar mutane shi ne maiƙon da ke cikin man goge yana cike zane ya ɓoye shi. Sai an share da sifirit na aisofurofil da aka tsarma zuwa kashi 15 cikin 100 ake ganin gaskiya. Gida na farko kafin sifirit kamar madubi yake.

Na zaɓi na biyu, a bi shi da na farko. Motar da ake hawa kullum za ta sake samun zane, gara a bar mata fatar da za a ci nan da shekara biyu. An bi da tef a kan robobin gilashi da baƙaƙen robobin jiki, man goge yana bar musu fari mai wuyar fita.

Asabar, 23 ga Maris

Rufi, bonet, but. Awa 6. Zoben ruwan 3 ga wata sun fita a zagaye na biyu, rufin ya sauka zuwa 106 a wuri mafi siranta, na tsaya nan. Ana share soso da burushi bayan kowane gida, ana canja shi in ya yi zafi ko ya cushe. Soso 4 aka yi amfani da su.

Lahadi, 24 ga Maris

Ɓarnar da ta fi kowacce. Ɗaya daga karce ukun nan yana kan fendar hagu, santimita 2 daga layin da ƙarfen ya karye ya yi gefe. Da yake awon fendar ya nuna 300 da wani abu, na ɗauka akwai wurin wasa, na ɗauko soson maikirofaiba da man gurza na tsaya a kansa. A zagaye na uku soson ya fito da shuɗi. Soso ba ya ɗaukar launi sai in fatar sama ta ƙare. A kan gefen akwai wani siririn wuri, tsawon santimita 2, faɗin milimita 4, ya dusashe, bakinsa a fili. Garin neman gira an rasa ido, karcen kuma yana nan.

Kurakurai uku ne suka haɗu. Na'urar awo jimillar duk abin da ke kan ƙarfe take faɗa, tsohon fenti da foti da sabon launi duka, ba ta san kaurin fatar sama ba. A sashen da aka sake fenti babban adadi ba ya nufin komai, wataƙila ma mai fentin ya riga ya gurje shi da samfefa bayan feshi. Na biyu, fenti ya fi siranta a gefuna, domin yana ɗanye yake janyewa daga kaifi. Na uku, soson ya hau gefen a karkace, duk nauyin inji ya taru a layi guda, zafi ya tashi, fatar ta yi laushi.

Wannan ba ya gyaruwa da gogewa, ƙari ma faɗaɗa shi zai yi. Gyara na gaskiya sai an sake fesa fendar. A yanzu na share da sifirit, na ɗiga fatar sama ta kwalba da siririn burushi, hawa 2, awa 1 tsakani, don rana da ruwa kada su sami launin. Daga nisan taku biyu ba a lura. Sauran aikin duk an sa tef a kan kowane gefe da layi, inji ya tsaya santimita 1 kafin su, ragowar da hannu.

Asabar, 30 ga Maris

Ƙofofi da bamba. Bamba a giya ta 3 ba tsayawa wuri ɗaya, roba ba ta watsa zafi kamar ƙarfe. Zagayen mai laushi a duk motar. Tsagar duwatsu 14 a bonet an cike da tsinken sakace da fenti mai lambar motar, wadda ke kan ƴar takardar bakin ƙofa.

Asabar, 6 ga Afrilu

Fitilun gaba. Ba gilashi ba ne, robar folikabonet ce da kamfani ya shafa wa kariya daga rana. Kariyar ce ta mutu ta yi rawaya. Tef hawa 2 a kewaye, samfefa a jiƙe minti 10, sannan lamba 800, 1000, 1500, 2000, 3000, daga mai kaushi zuwa mai laushi, kowace lamba a gicciye da ta baya don a gane in zanen waccan ya gushe. Ruwan da ke zuba rawaya ne da farko, in ya koma fari an isa roba.

A ta dama na yi saurin barin 1000, zanen 800 suka fito ɓaro-ɓaro bayan an gama, sai da na koma baya. Minti 40 a banza. Ta hagu tana da hazo ta ciki, wannan ba na waje ba ne. An shafa sabuwar kariyar rana, wadda in babu ita rawayar kan dawo cikin watanni. Akwai ta feshi mai haɗi biyu da ta fi daɗewa, amma tana da aisosayanet, ba a fesa ta da takunkumin takarda.

Asabar, 13 ga Afrilu

Ranar kariya. Kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiyar dabino ta Brazil, yana da sauƙin shafawa amma makonni yake yi. Na zaɓi siramik, wani ruwa da ake shafawa ya taurare a kan fenti, kwalbar mililita 30. Lambar 9H da ake rubutawa a jiki ma'aunin taurin fensir ne, kaurin abin kuwa wajen maikiron 1 ne ko 2, ba ya hana dutse ko mabuɗi. Amfaninsa datti ba ya kamawa sosai, wanki na sauƙi, hannu na rage taɓa fenti.

Wanki, busarwa, hure lungu da iska, sifirit sau 2. Ɗigo 8 zuwa 10 a kan ƙyallen shafawa, gida santimita 50 da 50, a kwance sannan a tsaye. Idan ya fara nuna launin bakan gizo a share da tawul na farko, a bi da na biyu har a wuce iyakar gidan. Da safe minti 1 yake ɗauka, da hantsi ya dawo daƙiƙa 30, na rage girman gida. Ban shafa a gefen fendar da tsagar bonet ba, sabon fenti na buƙatar kamar kwana 30 ya gama fitar da ruwansa. An yi amfani da mililita 24. Tawul 8 da ƙyallen shafawa ba za su sake taɓa fenti ba, abin da suka sha taurara yake.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Da aka fito da ita hasken safe, wurare 3 sun yi duhu kamar an shafa mai: gefen rufi, ƙarƙashin madubin dama, kusa da hannun ƙofar baya. Ragowar siramik ne da tawul ya tura gefe bai kwashe ba. Da an gani cikin awar farko, ƙarin ɗigo ɗaya zai narkar da shi a share. Bayan awa 20 ya kama. Man goge mai laushi da hannu, sifirit, a sake shafawa. Hasken tocila mai kaifi ba ya nuna su, haske mai laushi daga gefe ke tona su. Ba ruwa na awa 24, ba sabulu na kwana 7.

Laraba, 17 ga Afrilu

Kashin tsuntsu a bonet. Tawul mai jiƙe a kai minti 2, aka ɗage, ba a goga ba. Bai bar alama ba.

Asabar, 27 ga Afrilu

Wanki na farko, minti 50 da rim, da sassafe. Ruwa na gudu daga bodi, tawul ɗaya ya busar da ita. Tawul duka an wanke su su kaɗai a digiri 40, ba maganin laushin kaya, domin yana toshe zaren.

Lissafi zuwa yau: awa 47, wajen 7 daga ciki gyaran kuskure ne. Injin gogewa da sosonsa sun ci kusan rabin abin da aka kashe, na'urar awo da siramik na biye. Man gogen biyu ko sulusi ba a sha ba, ƙananan kwalabe na mililita 250 sun isa. Abin da ya ƙare da wuri tef ne da tawul. Kuɗin da ba a tsara ba: filtar iska, ruwan enzayim, robar koyil.

Saura: fesa fendar hagu, a gyara karcen nan a lokaci guda, sannan a jira kwana 30 kafin siramik. Baƙaƙen robobin jiki sun yi toka-toka, za a gwada mai mayar da launi a ƙasan bamba ta baya tukuna, ban da bindigar zafi wadda ke gyara su na ɗan lokaci ta bar su sun fi da bushewa. Fitilar hagu sai an buɗe ta. Ana kuma neman matatar ruwa mai cire ma'adinai don ɗauraya ta ƙarshe, a ga ko 310 ɗin nan zai sauko ƙasa da 20.